Lamba a ƙirji, babu takarda a aljihu: ƴan mazan jiya da kuɗin fasfo

Lokaci zuwa lokaci akan ji labari daga wata ƙasa cewa ƴan majalisa sun kawo shawarar a yafe wa tsofaffin sojojin da suka samu lambar yabo kuɗin fasfo da na sauran takardun tafiya. Mai saurare zai iya cewa ai wannan ƙaramar magana ce. Nawa kuɗin fasfo yake a wurin gwamnatin da ke sayen jiragen yaƙi? Gaskiya ne, a baitulmali kuɗin ba wani abu ba ne. Amma ni ban ɗauki maganar ƙarama ba. Duk wanda ya bi tarihin ƴan mazan jiya na ƙasashenmu, waɗanda suka yi wa Faransa yaƙi, zai tarar da cewa babban ɓangaren wahalar da suka sha bayan sun ajiye bindiga a kan takarda suka sha ta: takardar zama ɗan ƙasa, takardar fansho, biza, katin izinin zama. An maƙala musu lambobi a ƙirji, amma ma'aikacin da ke zaune a bakin iyaka takarda yake tambaya.

Na rubuta wannan ne musamman don malamai da iyaye. Darasin yaƙin duniya a lakwal yakan tsaya a 1945, a ce an ci nasara, a juya shafi. Abin da ya samu sojojin cikin shekaru 80 da suka biyo baya ba kasafai ake faɗa wa yara ba, alhali a nan ne ake gane ko ƙasa tana cika alkawari.

Inda aka taɓa yafewa

Bari mu fara da wuraren da aka yi abin, don mu san kamanninsa.

A 2004 gwamnatin Birtaniya ta ce duk ɗan ƙasar da aka haifa ranar 2 ga Satumba 1929 ko kafin wannan rana, fasfo kyauta ne gare shi har ƙarshen ransa. Ba a zaɓi ranar haka kawai ba. Yaƙin duniya na biyu ya ƙare ranar 2 ga Satumba 1945, saboda haka wanda aka haifa a wancan lokaci ya kai shekara 16 ke nan kafin a gama yaƙin. Abin lura a nan shi ne ba a tambayi kowa lambar yabo ba. Sojan da ya je fagen fama, matar da ta yi aiki a masana'antar harsashi, manomin da ya ciyar da mutane, duk an sa su a layi ɗaya. Sai dai kyautar ta zo shekara 59 bayan yaƙin, lokacin da ƙaramin cikinsu yake da shekara 75.

Faransa kuwa tun 1921 ta yi dokar da ta ba iyalin sojan da ya mutu a yaƙi tikitin jirgin ƙasa kyauta, zuwa da dawowa, sau ɗaya kowace shekara, don su ziyarci kabarinsa. A Amurka ma doka ta yafe kuɗin fasfo ga makusantan sojan da aka binne a wata ƙasa idan za su je ganin kabarin. Tsakanin 1930 da 1933 gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyin mata fiye da 6,600, uwaye da matan sojojin da suka mutu a yaƙin duniya na ɗaya, ta kai su Turai suka ga inda aka binne nasu, ba su biya ko sisi ba. Amma an ware mata baƙar fata daban, a jiragen ruwa daban, a masauki daban. Wasu daga cikinsu sun ƙi tafiya, suka rubuta wa shugaba Hoover takardar koke cewa ƴaƴansu ba su mutu a layi daban ba. Tun daga nan za mu ga cewa kyautar gwamnati takan zo da ma'auni, kuma tambayar farko ita ce wa aka auna, wa aka bari a waje.

Alkawarin 1918

A 1857 gwamna Faidherbe ya kafa rundunar da aka sa wa suna tirailleurs sénégalais. Sunan Senegal ne a kanta, amma mutanen cikinta daga ko'ina aka kwaso su: Sudan ta Faransa (Mali ta yau), Gini, Kodibuwa, Dahome, ƙasar Mosi, Cadi, da Nijar. A yaƙin duniya na ɗaya kusan mutum 200,000 aka ɗiba daga baƙar fatar Afirka, kimanin 30,000 ba su dawo ba.

A farkon 1918 Faransa ta rasa maza ƙwarai. Firaminista Clemenceau ya kira Blaise Diagne, ɗan majalisa baƙar fata daga Senegal, ya ba shi babban muƙami ya ce ya je ya samo sojoji. Diagne bai zo hannu rabbana ba, ya zo da alkawura a rubuce: za a ɗauke wa soja lanho, za a fitar da shi daga dokar indigénat wadda ta ba kwamandan ikon ɗaure baƙin mutum ba tare da shari'a ba, za a ba iyalinsa ɗan abin hannu, za a tanadar masa aiki idan ya dawo. Babban alkawarin kuma shi ne wanda ya samu lambar yabo a fagen fama zai iya neman zama cikakken ɗan ƙasar Faransa. Cikin ƴan watanni ya tara mutum sama da 60,000 a yammacin Afirka kaɗai.

Domin a gane nauyin wannan alkawari, sai an tuna yadda tafiya take a wancan zamani. Talaka ba shi da ikon barin yankin kwamandansa sai da takardar izinin wucewa. Nijar a lokacin yankin mulkin soja ce, hedikwatarta na Damagaram. Akan yanka wa kowane sarki adadin samarin da zai kawo, shi kuma sau da yawa ƴaƴan marasa gata yake turawa. Shi ya sa mutanen kudancin ƙasar nan da yawa suka riƙa tsallakawa wajen dangi a Katsina, Daura, Kano da Sakkwato, suna gudun soja da lanho da aikin dole. Wanda ya tsaya aka ɗauke shi, an ce masa lambar yabo za ta iya buɗe masa ƙofar da aka rufe wa sauran.

Me ya faru? Neman zama ɗan ƙasa sai an cika takardu, a bi ta hannun kwamanda, a bi ta hannun gwamna, kowanensu yana iya ajiye takardar a ƙasan tebur. A 1936, cikin mutum kusan miliyan 15 na yammacin Afirka ta Faransa, idan aka cire ƴan asalin garuruwa huɗu na Senegal da dama can suke da wannan matsayi (Dakar, Gore, Rufisk da San Luwi), waɗanda suka zama ƴan ƙasar Faransa kimanin 2,000 ne kacal, sojoji da ma'aikata duka a haɗe. Haƙƙin yana nan a rubuce, samunsa ne ya gagara. Ku riƙe wannan, domin za mu sake cin karo da shi.

Daga Chasselay zuwa Thiaroye

A yaƙi na biyu aka sake kiransu. A watan Yuni 1940, kusa da birnin Liyon, sojojin Jamus sun ware baƙaƙen fursunoni daga fararen, suka karkashe su. A ƙauyen Chasselay an gina musu maƙabarta mai jan katanga irin ginin ƙasar Sudan, kaburbura kusan 200 ne a ciki. Ranar 15 ga Agusta 1944 sojojin Afirka na cikin waɗanda suka sauka a gaɓar Provence don ƙwato kudancin Faransa. Kafin ƙarshen wannan shekara aka janye yawancin baƙaƙen daga fagen daga, aka ba fararen samari kayansu da makamansu.

Ranar 1 ga Disamba 1944, a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, sojojin da suka dawo daga zaman fursuna a hannun Jamus suka ce ba za su wuce gida ba sai an biya su bashin albashinsu. Aka buɗe musu wuta. Hukuma ta ce mutum 35 suka mutu. A 2014 shugaba Hollande ya ce sun kai 70 ko fiye, masana tarihi kuma na maganar ɗaruruwa. Sai a Nuwamba 2024 shugaban Faransa ya yarda a rubuce cewa kisan kiyashi ne.

Yanzu a dubi dokar 1921 da na ambata. Uwar sojan da ke Marsai tana karɓar tikitin jirgin ƙasa ta je kabarin ɗanta kowace shekara. Uwar wanda ke kwance a Chasselay, idan a ƙauyen Sudan take ko Gini ko Nijar, akwai hamada da teku tsakaninta da tashar jirgin. Jikokinta a yau sai sun yi fasfo, sun nemi biza, sun sayi tikitin jirgin sama kafin su ga wannan kabari.

A 1946 abubuwa sun ɗan sassauta. An soke indigénat, dokar Houphouët-Boigny ta hana aikin dole a watan Afrilu, dokar Lamine Guèye ta 7 ga Mayu ta ce duk mutanen yankunan mulkin mallaka ƴan ƙasa ne. Da wannan matsayi wasu dubbai suka tafi yaƙin Indoshin da na Aljeriya. Seyni Kountché, wanda ya mulki Nijar daga 1974 zuwa 1987, yana cikin waɗanda suka yi waɗannan yaƙe-yaƙe biyu da kakin Faransa, kuma da irin waɗannan mutane aka kafa rundunar sojan Nijar a 1961.

Fansho ya daskare, ƙofa ta rufe

Ƴancin kai ya zo da murna, amma ga tsohon soja ya zo da asara biyu.

Ta farko, a Disamba 1959 majalisar Faransa ta saka wani sashi, na 71, cikin dokar kasafin kuɗi. Ya ce fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da suka samu ƴanci zai tsaya cak a inda yake. Na Bafaranshe yana hawa kowace shekara tare da tsadar rayuwa, na ɗan Afirka yana nan inda aka bar shi. Sun kira abin cristallisation, wato daskarewa. Bayan shekara 45 ga inda aka kai, bisa alƙaluman da jaridun Faransa suka yi ta bugawa a 2006: sojan da yaƙi ya nakasa gaba ɗaya, idan Bafaranshe ne yana karɓar kusan yuro 690 a wata, ɗan Senegal 230, ɗan Kamaru 104, ɗan Maroko ko Tunisiya 61. Rami ɗaya suka kwanta, harsashi ɗaya ya same su. Wannan shi ne cin moriyar ganga a ya da kwaurenta.

Ta biyu, wanda jiya ɗan ƙasa ne, yau ya wayi gari baƙo. Da farko abin bai yi tsanani ba, don yarjejeniyoyin da aka ƙulla bayan 1960 sun bar mutanen ƙasashenmu su shiga Faransa ba biza. A 1974 Faransa ta dakatar da shigar ma'aikata baƙi. A Satumba 1986, bayan tashin bama-bamai a Paris, ta ɗora biza a kan kusan kowa in ban da maƙwabtanta na Turai. Daga ranar, tsohon da ya sauka a Provence da bindiga ba wanda ya tambaye shi takarda, sai ya bi layi a ƙofar ofishin jakadanci, ya kawo shaidar masauki da ta kuɗin guzuri, ya biya, ya jira, watakila a ce masa a'a.

Tsofaffin ba su yi shiru ba. Ibrahima Gueye da ƴan uwansa tsofaffin sojojin Senegal, su fiye da 700, sun kai ƙara kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya, a 1989 kwamitin ya ce Faransa ta nuna bambanci. Faransa ta yi kunnen uwar shegu. Amadou Diop, wanda ya yi shekara 22 a soja daga 1937 zuwa 1959, ya kai ƙara kotunan Faransa. Ranar 30 ga Nuwamba 2001 kotun ƙoli mai shari'ar hukuma ta ba shi gaskiya, amma ya riga ya rasu tun 1996. A 2006 fim ɗin Indigènes na Rachid Bouchareb ya fito, ya girgiza mutane, shugaba Chirac ya sa aka daidaita kuɗin nakasa da na katin mayaƙi daga Janairu 2007. A Mayu 2010 kotun tsarin mulki ta rushe abin da ya rage na dokar. Ranar 14 ga Yuli na wannan shekara sojojin ƙasashen Afirka 13, har da na Nijar, suka yi fareti a Paris, daga Janairu 2011 kuma aka ce fansho ya zama ɗaya.

Sai dai an sake maimaita abin da aka yi a 1918: daidaitawar ba ta zuwa da kanta, sai mutum ya rubuta ya nema. Tsoho mai shekara 85 a ƙauye, ko gwauruwar da ba ta taɓa shiga lakwal ba, wa zai gaya musu, wa zai rubuta musu, ina takardun auren da za a nema?

Tsofaffin Bondy

Akwai wani sashi na wannan tarihi da ya fi kowane nuna abin da takardar tafiya ke yi wa mutum.

Dokar Faransa ta ba baƙon da ya yi yaƙi cikin rundunarta damar samun katin zama na shekara 10, muddin ya shigo ƙasar ta hanyar da ta dace. Da fanshonsu ya kasa ciyar da su, wasu tsofaffin sojojin Indoshin da Aljeriya suka yi amfani da wannan dama, suka tafi Faransa suna da shekara 70 ko fiye. A can suna iya karɓar tallafin da ake ba tsofaffi marasa ƙarfi, wanda ya kai kusan yuro 950 a wata a 2023. Amma da sharaɗi: sai mutum ya zauna a Faransa akalla wata 6 cikin kowace shekara. Ya wuce wa'adi a gida, a yanke kuɗin.

Haka suka zauna a garin Bondy da wasu unguwannin gefen Paris, kowa cikin ɗan ɗaki a gidan kwanan ma'aikata baƙi, ba mata, ba ƴaƴa, ba jikoki. Suna aika kuɗi gida, suna ƙirga kwanaki a kalanda. A yi rasuwa a gida, a yi suna, a yi aure, mutum ya duba ya ga kwanakinsa sun ƙare, ya haƙura. Ga kuɗi a hannu, ga lambobi a akwati, amma ba shi da ikon ya tsufa a ƙofar gidansa.

Aïssata Seck, jikar wani tsohon soja ɗan Senegal kuma zaɓaɓɓiya a majalisar garin Bondy, ita ta ɗauki maganarsu. Ta tara sa hannun mutum kusan 60,000. Ranar 15 ga Afrilu 2017 shugaba Hollande ya ba 28 daga cikinsu takardar zama ɗan ƙasa a fadar Elize, wato abin da Blaise Diagne ya yi wa iyayensu alkawari shekara 99 baya. Sharaɗin wata 6 kuwa bai tashi ba sai a Janairu 2023, a makon da fim ɗin Tirailleurs na Omar Sy ya fito. Waɗanda aka ƙirga a lokacin ba su fi 40 da ɗoriya ba. Ranar 28 ga Afrilu 2023 tara daga cikinsu, masu shekara 85 zuwa 96, suka sauka a Dakar, gwamnatin Faransa ta biya musu kuɗin komawa. Wanda ya ga hotunan saukarsu ya ga murna. Ni abin da na gani shi ne mutum 9 daga cikin dubban ɗaruruwa.

Wa ke da lamba?

Mu dawo kan shawarar da muka fara da ita, a yafe kuɗin fasfo ga masu lambar yabo. Ina goyon bayanta, amma tarihin nan ya sa ina tsoron kalmar “masu lamba”.

Lamba ba daga sama take faɗowa ba. Wani hafsa ne zai ga abin da soja ya yi, ya rubuta, na sama da shi ya amince. Idan hafsan ya mutu a harin, ko bai ɗauki baƙin soja a bakin komai ba, shi ke nan. A Amurka, cikin duk baƙaƙen sojojin da suka yi yaƙin duniya na biyu, babu ko ɗaya da aka ba babbar lambar ƙasar a lokacin. Sai a Janairu 1997, bayan an sake binciken takardu, shugaba Clinton ya ba mutum 7, kuma ɗaya ne kawai, Vernon Baker, yake raye ya karɓa da hannunsa. A Senegal, Abdoulaye N'Diaye, na ƙarshe da ya rage cikin tirailleurs na yaƙin 1914, an shirya ba shi lambar Légion d'honneur ranar 11 ga Nuwamba 1998, shekara 80 bayan yaƙin. Ya rasu ranar 10 ga wata a ƙauyensa, yana da shekara 104. Da an ce sai mai wannan lamba za a yafe wa wani abu, da tsohon nan bai ci moriyarsa ko yini ɗaya ba.

Haka kuma iyali. A Afrilu 2022 Birtaniya ta yafe wa baƙin da suka yi mata aikin soja na shekara 6, ƴan Fiji, ƴan Gana, ƴan Nepal da sauransu, kuɗin takardar zama na dindindin, fam 2,389. An yaba. Amma ba a yafe wa mata da ƴaƴansu ba, sai ga soja mai mata da yara uku yana fuskantar kusan fam 10,000. Wane uba ne zai karɓi takarda shi kaɗai ya bar ƴaƴansa a waje?

Mu fa?

Sukar Faransa a kan wannan abu ba ta da wuya, kuma ta cancanci suka. Amma ƴan mazan jiya ba su ƙare da zamanin Nasara ba. Sojojin Nijar sun je Saudiyya lokacin yaƙin Tekun Fasha a 1990 da 1991. Sun yi aikin kiyaye zaman lafiya a Kodibuwa da Mali, inda aka kashe 9 daga cikinsu a rana ɗaya cikin Oktoba 2014. Mun rasa 71 a Inates a Disamba 2019, mun rasa 89 a Cinagodar wata ɗaya bayan haka. Waɗanda suka tsira daga Difa, Tilaberi da arewacin Tawa, wasu da ƙafa ɗaya, wasu da harsashi a jiki, suna cikin unguwanninmu. Ƴaƴansu da marayun abokansu suna zaune a azuzuwanmu. Nan da shekara 30 su ne tsofaffin da za su nemi fasfo don zuwa aikin hajji, ko neman magani, ko ganin ɗa da ke zaune a wata ƙasa.

Takardun tafiya kuma ba su tsaya wuri ɗaya ba. Tun Janairu 2024 ofishin jakadancin Faransa a Yamai yake rufe, kuɗin bizar Turai ya koma yuro 90 daga Yuni 2024, wato kusan sefa 59,000, kuma ba a mayar wa wanda aka hana. A Janairu 2025 ƙasashen AES suka fito da sabon fasfo. Duk lokacin da takarda ta canja, tsoho da gwauruwa ne na ƙarshe da ke jin labari.

Saboda haka duk ƙasar da ta tashi yin irin wannan doka, tamu ko ta wasu, ga abin da shekara 100 na wannan tarihi ke gaya mata. A yi ta da wuri, tun mutanen suna da ƙafar tafiya, kada ta zama ihu bayan hari. Kada a ce sai mutum ya rubuta ya roƙa. Sunansa na cikin kundin soja, hukuma ta neme shi. Kada a tsaya ga masu lamba kaɗai, a haɗa da duk wanda ya ji rauni ko ya yi shekarun da aka ƙayyade a fagen daga. A sa matar mamaci da marayunsa. Kuma kada yafe kuɗin fasfo ya zama romon baka da za a rufe maganar fansho da magani da shi, don tsofaffin Bondy ba kuɗin fasfo ne ya tsare su ba.

Ga malamai da iyaye

Malam, idan ka zo darasin yaƙin duniya, kada ka tsaya a 1945. Ka rubuta shekaru huɗu a allo, 1918, 1959, 2011, 2023, ka sa yara su lissafa tazarar da ke tsakanin alkawari da cikawa, sannan su lissafa shekarun wanda aka ɗauka soja yana ɗan 20. Lissafi ne da tarihi a darasi ɗaya, kuma ba za su manta ba. Ka tambaye su wa ke da kaka ko kakan kaka da ya yi soja. A Damagaram, Maraɗi, Tawa, Dogonduci ko Ƙonni, da wuya ka rasa hannu a sama.

Iyaye kuma, a gidaje da yawa akwai tsohuwar akwatin ƙarfe a ƙuryar ɗaki, cikinta da littafin soja, katin mayaƙi, hoton saurayi da jar hula, da lamba mai tsatsa. Kada a bar wa gara. A fito da su, a ɗauki hoto da waya, a sa cikin leda, a zaunar da yara a karanta musu sunan runduna da garuruwan da aka buga wa hatimi. Lambar rajistar da ke cikin littafin nan ita ake nema idan ana binciken haƙƙin gwauruwa, ko ana son sanin inda aka binne wanda bai dawo ba. Idan akwai tsohuwar da ta san labarin, a ɗauki muryarta tun tana nan.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, na Chasselay, na Thiaroye, na Inates da Cinagodar. Waɗanda ke raye kuma, mu nemi a ba su haƙƙinsu tun suna iya zuwa karɓa da ƙafarsu.